Kwamfutar da Ta Ƙi Nuna Fuska

Marin farko da Mai walda ya yi masa bai sa Injiniya ya ɗago daga kan kibod ɗin kwamfuta ba. Na biyun ne ya fasa masa leɓe.

"Yi haƙuri, Yaya. Saura kaɗan."

Mai walda ya gaji da jin saura kaɗan. Jiya aka binne ƙanensa, autansu, wanda wani ya caka wa sukudireba a wuya a bayan shago da rana tsaka. Ba wanda ya gani sai kyamarar da ke saman ƙofa, ita kuma duk abin da ta ɗauka yana cikin wannan kwamfutar. Amma da bidiyon ya fara tafiya sai allon ya yi shuɗi, komai ya mutu.

Bai kai ta wurin 'yan sanda ba. Fuska kawai yake son gani, sauran aikin hannunsa ya isa.

Injiniya aminin Auta ne, tare suka tashi, kwano ɗaya suke ci. Shi ya haɗa kwamfutar tun farko, kuma da kansa ya zo da safe ba a kira shi ba, idanu jawur, tafin hannu a naɗe da bandeji, wai gefen ƙarfen wata na'ura ya yanke shi. Ya ce matsalar ram ce, wato wurin da kwamfuta ke riƙe aikin da take cikin yi. An ba ta gudun da ya fi ƙarfinta. Sai an shiga saitin madabod, babban faifan da ke haɗa kayan cikinta, an rage gudun, an ƙara mata lokacin jira, ta samu ta numfasa.

Lambar da yake cewa yana ragewa, Mai walda ya ga kamar hawa take yi. To, amma me mai ƙona ƙarfe ya sani a kan lambobi?

Aka sake kunnawa. Fankar cikinta ta yi ƙara, allo ya kawo haske. Ga Auta nan da rai, ya fito da bokiti yana jan silifas kamar yadda ya saba. Ga inuwar mutum ta shigo ta gefe. Shuɗi.

Mai walda ya ɗauki kujera ya maka da bango, ƙafafunta suka tarwatse.

"Yaya, ko dai mu goge komai mu sake ɗora..."

Bai ƙarasa ba. Mai walda ya damƙi ƙeyarsa ya buga goshinsa da tebur, jini ya yi tsartuwa a kan maɓallai. Injiniya ya koma saitin, yana kallo da ido ɗaya, ya cusa wata lamba ya danna.

Wannan karon lambar ta zarce ƙima. Kwamfutar ta ƙi tashi sam. Fanka ta juya ta tsaya, ta sake juyawa ta tsaya. Injiniya ya zabura ya yi wajen soket don ya zare wayar wuta, Mai walda ya ɗauka gudu zai yi, ya kwashe ƙafarsa, ya taka masa yatsu har sai da suka yi ƙas.

Madabod kuwa tana da halinta. In ta yi ta gwada saiti ya ƙi, sai ta watsar da shi ta koma gudun da ta zo da shi daga kamfani. Allon ya kawo, lafiya lau.

Mai walda ya dubi yaron da ke kwance yana nishi, sai kunya ta rufe shi. Wannan fa shi ya riƙe kan makarar Auta jiya.

"Yafe mini, ƙanena. Ga shi ka gyara ta."

Ya danna bidiyon. Auta ya fito da bokiti. Inuwar ta shigo, hannu ya ɗaga ya sauka. Bidiyon bai tsaya ba. Mai sukudireban ya juyo ya kalli kyamarar da shi da kansa ya kafa, kuma Injiniya ne.