Muryar da Aka Goge

Mawaƙiyar ta sake yin shiru a daidai inda ta tsaya ɗazu. Mai haɗa kiɗan ya kashe na'ura, ya harare ta ta gilashin ɗakin ɗaukar murya.

"Ke, rabin mawaƙan Kingston sun hau kiɗan nan, ba wanda ya yi tuntuɓe. Lafiya?"

"Haba Kawu, ana tsakiyar baiti zan faɗo? Ai sai an gama."

Ƙanensa ne ya fara ɗora waƙa a kan kiɗan, kafin a harbe shi a ƙofar filin rawa. Da aka binne shi, mai haɗa kiɗan ya goge muryar da hannunsa, ya bar gangar tsura, kowa ya zo ya hau. Waƙar ba ta taɓa fita ba.

Ya bi layukan sautin ɗaya bayan ɗaya. Wayam, babu muryar kowa.

"Muryar wa kike ji?"

"Ni ban ji komai ba." Ta nuna gilashin. "Bakinka nake kallo. Duk aka zo wurin, sai ka kama rerawa."

Ya kai yatsa bakinsa. Kiɗan a kashe yake, amma leɓen bai daina motsi ba.