Jakin da Yake Kwance

An yi wani masassaƙi a wani ƙauye, mai sassaƙa turmi da akushi, wanda Allah Ya yi wa matarsa rasuwa ana tsakiyar cirar gyaɗa. Ta bar masa 'ya ɗaya mai shekara huɗu. Ita marigayiyar ƙuli-ƙuli take yi, kuma duk ranar da ta matse mai takan gutsuri tunkuza ta yi wa yarinyar jaki da kaza da kunkuru, ta soya mata. To, tun da aka watse daga zaman makoki yarinyar ta daina cin abinci. Ba kuka take yi ba. Sai a ajiye mata tuwo, ta tasa shi a gaba har ya huce, ƙuda ya sauka ya tashi. An kai ta asibiti aka ce ba zazzaɓi. An yi rubutu ta sha. Kakarta ta lallaba, ta yi faɗa, ta koma lallashi. Har awarwaron da ke hannunta ya fara suɓucewa da kansa. Ranar da uban ya tsince shi a ƙasa, tsoro ya kama shi, don bai daɗe da dawowa daga maƙabarta ba, kuma ba ya son ya sake bin wannan hanya.

Sai ya tuna da dabbobin nan. Ya aika maƙwabta a sammasa tunkuza, matan gidan suna ta tsokanarsa ta kan katanga: "Malam, an ajiye gizago an koma kasko ke nan?" Ya shige rumfar aikinsa ya ɓoye, don yana son yarinyar ta ga abin a gama. Da yake hannun sassaƙa ne, ya fitar da jaki mai siraran ƙafafu, da wutsiya, da kunnuwa a tsaye, kai ka ce zai yi kuka. Yana sa shi a mai ƙafafun suka ƙone suka karye. Washegari ma haka. A rana ta huɗu ya samu ɗaya ya tsaya cak a kan faifai. Ya kai mata. Ta dube shi, ta kawar da kai.

Da hantsi ya yi washegari bai shiga rumfa ba. Ya zauna a tsakar gida da tunkuzar a gabansa. Can sai ya ji numfashi a bayan kafaɗarsa. Ta ce, "Baba, jakin Inna ba ya tsayuwa. A kwance yake." Ta zauna ta jingina da gwiwarsa, ta tsoma yatsa a mai ta shafe tafinta, ta mulmula wani ƙaton curi mai kama da hoge. "Kai ne mai kunne, ni ce mai ido." Ya tsunkulo kunnuwa biyu, ita kuma ta danna ƙwayar dawa biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Suka yi shida, duk munana, duk a kwance. Wajen suya kunnen ɗaya ya ɓalle. Ya kai hannu zai ɓoye shi, ta riƙe masa riga. "Wanda ya karye namu ne. Rabi da rabi." Ta hura, ta gatsa, ta tura masa sauran a baki. Sai da ya ji gishirin a harshensa ya tuna shi ma rabonsa da cin abin kirki tun ranar jana'iza. Ta cinye na biyu ita kaɗai, sannan ta ce a ba ta kunu.

Ka ga kwana huɗu yana ɓuya yana gyara ƙafar jaki, alhali ita abin da ta rasa gwiwar da za ta jingina da ita ne, da wanda za su ɓata hannu da mai tare. Manyan gidan duk sun yi ta neman ciwon, ba wanda ya gano shi sai da 'yar shekara huɗu ta nuna da yatsarta. Shi ya sa Hausawa suka ce, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.