Layin da Ya Ɓace a Jagoran Gada

Ka saurara, tun da ka ce nauyin baki ya hana ka yi wa na gaba da kai gyara. A wani asibitin lardi an yi wata injiniya mai kula da hanyar sadarwar kwamfutoci. Cikin kayan aikinta akwai na'urar da suke kira gada, wadda ke riƙe da jadawalin wace kwamfuta ke bayan wace ƙofa, domin kowane saƙo ya bi ƙofarsa. Malamin da ya koya mata aiki, dattijo mai ji da alƙalaminsa, shi ya rubuta jagoran umarnin da ake ƙara sunan kwamfuta a jadawalin da shi. Ya jero zaɓi uku: a ajiye suna dindindin, ko a bar shi ya goge in kwamfutar ta yi shiru, ko a ce wa gada sunan nata ne, kada ta miƙa saƙonsa gaba. Abin da bai faɗa ba shi ne wanda gada ke ɗauka in ba a zaɓa mata ba, don a wurinsa wannan sananne ne kamar hanyar gidansa. Gadar kuwa na ukun take ɗauka. Wata safiya wani abokin aikinta ya bi jagoran kalma da kalma, ya ƙara suna bai zaɓa wa gada komai ba, sai gada ta riƙa haɗiye sakamakon gwajin jini, likitoci na jira, majinyata na zaune a benci.

Injiniyar ta gano matsalar, ta gyara kafin azahar. Da ta so, da ta tsaya nan, ta sha yabo. Amma ta san jagoran yana hannun kowane reshen asibitin, kuma ramin da ya kayar da mutum ɗaya yana nan buɗe. Ta kuma san malamin bai taɓa jin ɗalibi ya ce rubutunsa da saura ba, kuma yardarsa ce jarinta a wannan sana'a. Sai ta zauna ta gwada kowane zaɓi a kan gadar da ba ta aiki, ta tabbatar da idonta, ta rubuta jimla biyu tak masu bayyana zaɓin da gada ke ɗauka da kanta, ba ta taɓa ko ɗigo a cikin nasa ba. Ta je gidansa, ta gaishe shi, ta miƙa da hannu biyu.

Dattijon ya karanta, ya cire tabarau. Can ya ce, "'Yata, wannan layin a cikin kaina na bar shi, kaina kuwa ba ya zuwa reshe. Sa shi a sama, kafin nawa."

Ka ga, ba ta rage masa komai ba, shi ma bai ɗauka an zo rabon girmansa ba. Shi ya sa magabata suka ce gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.