Kwalbar da Ta Yi Fari

Tun da gishiri ya cinye gonaki, mutanen garin su Tabawa suka koma noman jar gansakuka a kududdufai. Da ita ake tuwo, da ita ake miya. Irinta kuwa ba ya tsira sai a ɗakin binciken Gidan Iri, kuma doka ce, ba a ba mutum sabo sai ya kawo tsohuwar kwalbarsa da jan irin ciki da ransa.

Ta Tabawa ta wayi gari ta yi fari fat, irin ya mutu, ga jikoki sun kwana da yunwa. Sai ta jiƙa zoɓo ta tsiyaya a ciki, ta je Gidan Iri ta bi layi.

Ma'aikaciyar, Malama Rakiya, ta buɗe murfin ta sansana.

"Inna, ai wannan zoɓo ne."

Tabawa ta dafa teburin. "'Yar nan, ki rufa mini asiri. Marayu ne a hannuna."

Rakiya ta rage murya. "Ba laifinki ba ne. Namu na ciki ma fari suke yi, mun rasa dalili."

Ta shiga ciki ta fito da wata kwalba. Tabawa ta ɗaga ta a haske, da ƙyar ta hango wani jan zare da bai kai gashin ido ba.

"Wannan ne nawa?"

"Na unguwarku ne gaba ɗaya. Kada ki faɗa a waje."

Tabawa ta lulluɓe kwalbar da mayafi ta fito. Mutanen layi suka zuba wa fuskarta ido, kowa da tasa kwalbar a rungume. Ta yi musu murmushi, ta wuce a hankali.