Sawun Sandunan Hamma

Zagaye goma na tsakar gida kullum likitan Kano ya yanka wa Hamma, bayan an ɗaure masa ƙashin cinya da ƙarfe. Sa ne ya karya shi a kasuwar Maigatari, san kuma nasa ne, abin da ya fi karayar yi masa ciwo ke nan.

Matarsa Adda ta riƙe umarnin kamar farilla. Kafin ta ɗauki ƙwarya zuwa tallan nono a Ɗanzomo, sai ta share tsakar gida tas. In ta dawo ta duƙa ta bi sawun sandunan dogarawa, kamar mai neman ɓatacciyar saniya. Ranar da ta ga zagaye bakwai, Hamma bai ga fura ba.

Daga ranar ba a sake samun giɓi ba. Goma cif, wataran har da gyara. Ƙanensa Manu, shi ma da furfurarsa, ya bar kiwo ya tare a bakin gadon yayansa, wanda bai taɓa yi wa musu ba.

A mako na uku ƙwaurin ya kumbura, ya ɗau zafi kamar dutsen guga. Hamma, Bafulatanin asali, ya ce ba komai. Sai da numfashi ya fara yi masa gardama aka sa shi a mota zuwa Gumel.

"Ni na jawo masa, Manu," in ji Adda a hanya, tana kuka. "Na mai da majinyaci jakin kai taki."

Manu ya ƙura wa gonakin gefen titi ido.

"Jini ne ya daskare a jijiyar ƙafa, gudan ya fara hawa huhu," in ji likita. "Ba tafiya ke kawo shi ba, Inna, yawan kwanciya ne. Yana takawa kuwa?"

"Goma kullum. Da idona nake dubawa."

"To, daina zargin kanki. Wataran ko an kiyaye yana zuwa."

Aka tura Hamma ciki da gudu. Adda ta share hawaye, ta juya tana yi wa Manu addu'a, Allah ya saka masa da jinyar da ya yi.

Manu ya kasa cewa amin. Kwana goma sha bakwai ke nan, da hantsi ya yi Hamma kan miƙo masa sandunan daga kan gado, shi kuma ya saƙale su a hammata ya zagaya gidan, yana ɗingishi da ƙafar dama don sawun ya fito daidai.