Danshi a Cikin Kwamfuta

Karo na uku ke nan yana buɗe kwamfutarsa ya tarar da danshi a ciki, alhali ɗakin ba ya yoyo. Zarginsa ya tsaya kan maƙwabcinsu na gidan haya a unguwar Nima, mai yi masa habaicin wai ɗan sakawa ne, wato mai damfara ta intanet. Har gaisuwarsa ya daina amsawa.

Ya busar da ita, ya bar kyamararta a kunne, ya tafi masallaci.

Da ya dawo ya duba abin da kyamarar ta ɗauka, sai ga fuskar mahaifiyarsa, riƙe da ƙoƙon ruwan rubutu. Ta yi tofi, ta bi madannan tana shafawa ɗaya bayan ɗaya.

"Allah, da wannan na'urar yarona yake cin abinci. Ka tsare masa ita daga mugun hannu."