Babu Wanda Ya Taɓa Rubutawa

Girman kai ne ya ci ɗalibin nan, ba komai ba.

"Ɗana, kwamfutar a kan rubuce-rubucen bana kaɗai take, bari in buɗe maka sauran shekarun," in ji ma'aikaciyar laburare.

"Mama, ji da kaɗe ƙurarki. Digiri na uku nake yi."

Sau uku tana faɗa, har bakinta ya gaji. Ya bincika bai ga komai ba, ya rubuta cewa babu wanda ya taɓa nazarin gishirin rijiyoyi.

Ranar kare kundi, farfesan da ke jarraba shi ya karanta wannan magana, ya sa aka kira ma'aikaciyar. Ta ja tsaki, ta danna wuri ɗaya a kwamfutar, ta buɗe sauran shekarun. Maƙala arba'in suka fito, ta farkon da sunan farfesan.

Shekara uku, shafi ɗari biyu, da digirin, duk suka tafi.